Lissafin da Ba a Liƙawa a Bango

Duk shekara in sakamakon BEPC ya fito, zance ɗaya ake yi a fadarmu ta shan shayi a Damagaram: wace makaranta ta ci, wace ta faɗi. CEG biyu ne kusa da unguwarmu. Ta cikin gari, yawancin ɗalibanta ƴaƴan ma'aikata ne da ƴan kasuwa. Ta bakin gari kuwa yaran ƙauyukan kewaye ne suka cika ta, wasu a ƙafa suke zuwa, wasu suna raɓe a gidan dangi. Ta farkon ce kullum a sama, ni ma na daɗe ina cewa malamanta sun fi iya aiki.

Da ɗiyata ta gama firamare aka tura ta makarantar bakin garin, sai zancen ya tashi daga hira.

Na je da ƙorafi. Wani dattijon malami ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Malam, ka tambayi nawa suka ci. Ka tambayi nawa suka shigo?"

Shekara 4 ake yi a koleji, amma lissafin da ake liƙawa na waɗanda suka kai ranar jarrabawa ne kawai. Yarinyar da aka aurar a shekara ta biyu ba ta ciki. Yaron da ya tafi haƙar zinariya ba ya ciki. Makarantar da ta sallami masu ƙarancin maki tun da wuri, sakamakonta kyau yake yi. Wadda ta yi haƙuri da su har ƙarshe ita ake wa dariya. Ga kuma Faransanci, wanda da shi ake koyar da darussa. Wani a bakin ubansa yake jinsa, yana bita da lantarki, ana biya masa malamin yamma. Wani kuwa ajinsa na zana ne, ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, alhali tun Oktoba aka koma makaranta. Ashe gidaje muke aunawa, muna kiran sunan makarantu.

Sai dai gane hakan bai sauke mini nauyi ba. Yaro daga abokan zamansa ma yake koyo, wannan ba ƙarya ba ne. In na ɗauke ta, na rage wa ajin ɗaya daga cikin iyaye ƙalilan da ke iya shiga ofishin darakta su yi tambaya. In na bar ta, da shekarunta zan biya kuɗin aƙidata, ita kuwa ba a shawarce ta ba.

Na ɗauke ta. Wani sananne ya sa baki, cikin mako ɗaya aka gama. Ƙawarta, ɗiyar mai sayar da itace, tana can. Da safe tare suke fita, a mararraba suke rabuwa.