Abin lura daga launin kogin Isa

Duk wanda ke ƙetare gadar Kennedy a Yamai ya san kogin Isa ba launi ɗaya gare shi ba. A watan Agusta da Satumba ruwan jajir yake, don rafukan Sirba da Dargol da Gorouol sun kwaso jar ƙasa daga ɓangaren Burkina Faso sun zuba masa. A Disamba da Janairu kuwa, lokacin da ruwan Gini ke isowa bayan doguwar tafiya ta cikin Mali, lakar ta kwanta, sai ya yi duhu. Masunci ba ya buƙatar ya tsoma hannu kafin ya faɗa maka wane ruwa ne ya zo. Hasken rana ya sauka a kan ruwan, wani sashe ya nutse, wani ya dawo cikin idonsa, daga abin da ya dawo ɗin ya gane.

Wannan shi ne tushen aikin taurarin ɗan'adam masu duba ƙasa. Kowane abu yana da irin hasken da yake haɗiyewa da wanda yake mayarwa. Fifikon na'ura a kan ido shi ne tana auna har hasken da mu ba ma gani. Ganyen hatsi mai lafiya yana shanye jan haske don ya haɗa abincinsa, amma akwai wani haske gaba da ja kaɗan, ɓoyayye ga idonmu, wanda ganyen ke mayarwa da ƙarfi. In ƙishi ya kama shuka, tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun sai ta ragu. Da wannan lissafi ake zana taswirar inda damina ta yi kyau da inda ta gaza, tun ba a kai ga girbi ba.

A hayin kogin, gefen da jami'ar Abdou Moumouni take, akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 ƙarƙashin ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS bayan farin da ya halaka dabbobin Sahel. Hotunan da ake aiki da su iri-iri ne. Tauraron Meteosat yana can sama wajen kilomita 36,000, yana juyawa tare da duniya, yana aiko hoto duk minti 15. Daga sanyin saman gajimare ake ƙiyasta ruwan da ya sauka, domin hadarin da ya fi tashi sama ya fi sanyi. Sentinel-2 ya fi kusa, yana rarrabe fili mai faɗin mita 10, amma sai bayan kwana 5 yake dawowa, kuma in ya tarar da gajimare ya yi zuwan banza. A nan ne na'urar rada ke shiga, mai aika nata sigina ta saurari dawowarsa, dare ko rana, da hadari ko babu.

Abin da nake so a lura da shi, wanda sau da yawa masu ɗokin fasaha ke tsallakewa, shi ne hoto haske kawai yake aunawa, ma'anarsa sai an taka ƙasa. Taswira za ta nuna makiyaya kore shar, alhali garmani ne ya cinye wurin, ciyawar da dabba ba ta damu da ita ba. Shi ya sa a ƙarshen damina ma'aikatan kiwo ke fita daji, su yanki ciyawa a wuraren da aka ware, su busar, su ɗora a sikeli, sannan a gwada nauyin da abin da tauraro ya nuna. Wannan aikin tafiya da zufa ya cancanci kuɗi da mota kamar yadda kwamfuta ta cancanta.

Haka aka yi da itatuwan Maraɗi da Damagaram. Shekaru manoma na barin tohon gawo da sauran itatuwa suna girma a gonakinsu, hotuna masu kallo daga nesa ba su nuna ba, don itatuwan a warwatse suke. Sai da masu bincike Gray Tappan da Chris Reij suka bi ƙauyuka, suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 da sababbi, sannan aka ƙiyasta cewa manoman sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5.