Zumunta a ƙafa take, takarda kuwa tana son zama

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Maganar ta dace da zamanin da mutumin Jiratawa zai je gaisuwa Tsibiri, ya kwana, ya komo. Yau kuwa akwai ƴaƴan Maraɗi a Faransa da Amurka waɗanda takarda ta ɗaure wa ƙafa. Sun ajiye buƙatar zama ƴan ƙasa, suna jiran amsa, sai waya ta zo daga gida cewa tsohuwa tana kwance. Shin mai wannan hali ya tafi ne, ko ya zauna?

Dokokin ƙasashen nan ba su hana tafiya ba, lissafa ta suke yi. A Amurka, galibi sai mutum ya yi shekara 5 da takardar zaman dindindin, wata 30 daga ciki yana cikin ƙasar. In ya wuce wata 6 a waje, ana ɗauka zamansa ya yanke sai ya kawo hujja; in ya cika shekara, a ƙa'ida ya yanke. A Faransa ma shekara 5 ce, kuma dole mazauninsa ya kasance can ranar da za a sa hannu ga hukuncin. Ga shi hanya ta ƙara nisa, domin jiragen Air France sun daina zuwa Yamai a 2023, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe a farkon 2024. Wanda takardar zamansa ta ƙare yana gida, komawarsa sai an sha wuya.

Abin lura shi ne hukuma da dangi ma'auni ɗaya suke riƙe da shi. Hukuma tana ƙirga kwanakin da mutum ya yi a ƙasarta, dangi suna ƙirga suna da biki da zaman makokin da aka gan shi. Kowanensu na cewa wanda yake namu, a nan za a same shi. Jiki kuwa ɗaya ne.

Kafin a kira mai jira butulu, ya kamata a tuna tushen garuruwanmu. Katsinawan da suka bar birninsu bayan 1807 su suka kafa sarautar Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Har yau Sarkin Katsina ake ce wa na Maraɗi, Sarkin Gobir ake ce wa na Tsibiri. Mutanen da kakanninsu suka sake mazauni ba tare da sun yar da sunansu ba sun fi kowa sanin cewa neman wurin zama bai zama sayar da asali ba. Dokar Nijar ma ta amince da riƙe ƙasa biyu tun 2014.

To, ina mafita? Tana cikin rarrabe tafiya da tafiya. Akwai wadda ake yi don mai rai, akwai wadda ake yi don idon mutane. Uwa da ke kwance tana kiran ɗanta, haƙƙinta ba ya jira, kuma ba mai sauke shi a madadinsa. Takarda in ta lalace ana sake nema, ko da za a ƙara shekaru. Ganin ƙarshe ba a sake shi. A nan tafiya ta fi zama, musamman da yake ziyarar sati biyu ko uku ba ta cika rushe buƙata ba, muddin an kiyaye ranar kira.

Jana'iza dabam take. Farilla ce ta kifaya, in wasu sun yi ta sauka daga kan sauran, kuma a Maraɗi ana rufe mamaci kafin na nesa ya sami tikiti. Wanda aka matsa wa ya zo sadakar arba'in don kada a ce bai zo ba, alhali zuwan zai rushe abin da marayun gidan ke ci da karatu da shi, an sa shi ya biya bakin mutane da abincin yara. Addu'a da sadaka suna isa daga kowace ƙasa.

Saboda haka nauyin ya hau kan ɓangare biyu. Dangi su faɗa masa gaskiyar halin maras lafiya, kada su ɓoye don tausayi, kada su ƙara gishiri don a jawo shi. Shi kuma in ya tafi, ya bayyana wa hukuma kwanakinsa yadda suke. Wanda ya shiga sabuwar ƙasa da ƙarya ya ci amanar maƙwabtan da yake roƙon su karɓe shi, ya kuma ɓata hanyar ƙannensa masu zuwa.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da abin yi a nan. Yaran da ke gabansu yau, wasunsu za su tsaya a wannan mararraba gobe. Ya kyautu su tashi da sanin cewa ana zuwa gida don mahaifi da mahaifiya tun suna iya gane muryar ɗansu.