Addu'ar Mai Bi Sa'ad da Ruwa Ya Ɗauke

Ya kai mai karatu, ko kai mutumin Funtuwa ne, ko na Malumfashi, ko na Bakori, ko na Kafur, ka san al'amarin damina. Ruwan shuka ya kan sauka wajen watan Mayu, mutum ya saɓa sungumi, ya binne irin dawa da masara, ya koma gida. Noma da maimai da huɗa aikinsa ne, amma ba shi da iko ya sauko da ɗigon ruwa ko ɗaya. Hakanan ran mai bi ya ke a gaban Allah. Addu'a kuwa ita ce mutum ya yarda da wannan, ya faɗa wa Ubansa na sama bukatarsa, ya jira shi.

Addu'a ba ta da wuya ran da hadari ya haɗo. Wuyarta sai ran da ruwa ya ɗauke bayan tsiro, kwana goma, kwana ashirin, ganyen masara ya nannaɗe, rumbu kuma ya kusa ƙarewa. Tsofaffi ba su manta da farin 1973 ba, sa'ad da amfanin gona ya lalace a ƙasar Hausa, dabbobi suka mutu da yawa. A irin wannan rana 'yan'uwanka za su zo maka, kai da ka bar tsafi ba da daɗewa ba. Kawunka zai ce, "Ɗana, tun da ka bar yanka wa iskoki, ga abin da ya same mu. Kawo bunsuru, a gyara gida." Da ƙauna ya ke faɗi, ba da mugunta ba, domin wannan maganarsa za ta yi maka nauyi. Me za ka yi?

Ka amsa masa da ladabi, gama babba ne, amma kada ka ba da bunsurun. Mai raba zuciya tsakanin Allah da boka kamar gonar dawa ne da ƙuduji ya kama. Ƙuduji ya kan manne wa saiwa a ƙarƙashin ƙasa, yana shan ƙarfin dawa tun ba a gan shi ba. Kafin furensa ya fito, ɓarna ta rigaya ta auku. Laya ɗaya da aka ɓoye a ƙarƙashin riga haka ta ke yi wa bangaskiya.

Ka tuna da annabi Iliya. A zamaninsa aka yi shekara uku da wata shida ba ruwa. Ya hau dutsen Karmel ya durƙusa, ya aiki baransa ya duba wajen teku. Bara ya tafi ya komo, bai ga kome ba. Sai a tafiya ta bakwai ya hangi ɗan gajimare. Labarin yana cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 18. Kadan ka roƙa yau ba ka ga kome ba, ka sāke roƙo gobe.

Sai ka sani kuma, ba kullum Allah ya ke amsawa yadda mu ke so ba. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a ɗauke masa wata wahala, ba a ɗauke ba, amma aka ba shi alherin da zai jimre. Ubangijinmu Yesu Kristi kansa, a daren da aka bashe shi, ya yi addu'a sau uku a Jatsaimani, ya miƙa nufinsa ga nufin Uba, ya tafi bisa gicciye dominmu. Wanda ya ba da Ɗansa saboda kai ba zai manta da yunwar 'ya'yanka ba.

To, ga yadda za ka yi. Da asuba, kafin ka ɗauki fartanya, ka keɓe kaɗan, ka gode wa Allah, ka furta zunubinka, ka roƙi abincin yini, cikin sunan Yesu. Da dare ka tara iyalinka a tsakar gida, a karanta Maganar Allah. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki duka yana nan da Hausa. Kadan ba ka iya karatu ba, ɗanka ya karanta maka. Ka yi magana da harshen da ka ke yi a gida, gama Allah ba ya bukatar tafinta. Ka roƙa domin maƙwabcinka Musulmi, da kawunka, har da waɗanda su ke hana mutane zuwa gona da bindiga, Allah ya juyo da zuciyarsu. Kadan ka gama, ka tashi ka tafi aiki. Addu'a ba ta cire ciyawa. In kuwa Allah ya bar maka dami biyu, maƙwabcinka ba shi da ko ɗaya, wataƙila kai ne amsar addu'arsa.

Kada ka karai domin ba ka ga girmanka ba. Dawa ba ta nuna a wata ɗaya, sai kaka ta yi. Saiwa ta ke fara zurfi tukuna, inda ido ba ya gani, ranakun rashin ruwa kuwa su ne su ke sa ta nemi laima can ƙasa.

Kadan ba ka san abin da za ka ce ba, ka fara hakanan: "Ya Uba, ni ba ni da ƙarfi, ba ni kuwa da wani sai kai. Ka riƙe ni yau, saboda Yesu Kristi. Amin." Ran Lahadi ka tafi majami'a, ka faɗa wa 'yan'uwa damuwarka, ku roƙa tare.