Takalmin da Muka Gaji da Shi: Sadaka ne ko Shara?

Watan jiya Allah Ya nufe mu da tashi daga gidan surukaina da ke Kwarbai a cikin birnin Zariya, muka koma ɗan ginin da maigidana ya kammala a bayan Ƙofar Gayan. Duk wadda ta taɓa tashin gida ta san ranar haɗa kaya ranar tonon asiri ce. Ni dai takalma ne suka tona nawa.

Da na janyo su daga ƙarƙashin gado da saman sif, sai na ƙirga ƙafa 23. Akwai na lefe da ban taɓa sawa ba, akwai masu tsini na bikin ƙawaye, ga kuma silifas ɗin da nake zuwa Islamiyya da su kullum. Guda huɗu kacal nake amfani da su. Sauran kuwa rimar damina ta gama da yawancinsu: wasu sun yi fumfuna, wasu fatarsu tana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Na ware masu kyau na sa a kwali, na tura matattun cikin jakar gana-masgo, na ce wa yara su kai wa matar da ke yi mana wanke-wanke, sadaka.

Surukata tana zaune a kan tabarma tana kallona. Sai ta ce, "Malama, wannan sadaka ce ko kuwa bola ce ta yi miki nisa?" Na ce, "Inna, ai ta fi ni buƙata." Ta ce, "To, ɗauki ɗaya ki taka zuwa zaure mu gani." Na yi shiru, don na san ko tsakar gida ba zai kai ni ba.

Tun ranar nake juya maganar a raina. Shin abin da muka gaji da shi, in muka bayar, sadaka ce?

Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufar mummunan abu mu bayar, irin wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Aya ta 92 a Ali Imrana kuma ta ɗaura samun nagarta a kan bayar da abin da muke so. Da ta sauka, Abu Ɗalha (RA) gonarsa ta Bairuha ya bayar, wadda ta fi kowace dukiya soyuwa a gare shi. In aka auna jakata da wannan sikeli, gaskiyar Inna ce.

Amma kada wata ta ce ke nan sai sabo ake bayarwa. Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu, mu mata musamman, kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Na taɓa samun ɗaliba da ta yi mako biyu ba ta zo makaranta ba. Da na bincika, ashe silifas ɗinta ne suka ɓace a ƙofar aji, uwar ba ta da na sayen wasu, ita kuma kunya ta hana ta zuwa ƙafa a ƙasa. Tsohon takalmi mai lafiya da ya ishe ta, kuma a lokacin irinsa yana kwance a ƙarƙashin gadona.

A nan na gane inda laifina yake. Tsufan takalmi ba ya ɓata sadaka, muddin mai karɓa zai iya takawa ba tare da jin kunya ba. Laifina jinkiri ne. Shekara shida da ta wuce waɗannan takalma kyauta ce ta mutunci. Na riƙe su ina cewa wata rana zan sa, har suka mutu, sannan na tuna da talaka. Ban amfana ba, ita ma ba ta amfana ba, ga shi har ina neman a rubuta mini lada.

Ba mu kaɗai ba ne da wannan ciwo. A 1986, da Imelda Marcos, matar shugaban ƙasar Filifin, ta gudu daga fadar mulki tare da mijinta, ta bar takalma sama da ƙafa 1,000. A 2012 aka ba da labarin cewa gara da ruwa sun lalata da yawa daga cikinsu. Tsakanin nata da nawa bambancin yawa ne kawai.

Ga abin da na yi a ƙarshe. Na zazzage jakar, na zubar da waɗanda suka mutu, don shara sunanta shara. Guda biyar masu ɗan rauni na kai wa mai gyaran takalmi, ya ɗinke ya goge. Na wanke su, na shanya a inuwa, na cusa takarda a ciki, na haɗa kowanne da ɗan uwansa. Sannan na buɗe kwalin da na ware wa kaina, na ciro na lefen nan da nake ji da shi na ɗora a kai. Wallahi sai da hannuna ya yi nauyi, a nan na san wannan ce kaɗai ta taɓa zuciyata. Da kaina na kai mata bayan magariba, ba a gaban yara ba.

'Yar uwa, kada ki jira ranar tashi. Kafin damina ta sauka, leƙa ƙarƙashin gadonki. Duk takalmin da ya shekara bai taka ƙasa ba, akwai ƙafar da ke jiransa a unguwarku. Allah Ya karɓi ɗan abin da muka bayar, Ya yafe mana wanda muka bari ya ruɓe, amin.