ME YA SA MUKE MITA RANAR NASARA?

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a garin Haɗeja da daddare, bayan an tashi daga gidan kallon ƙwallo, ya san abin da za mu faɗa. Ƙungiya ta ci wasa biyu da nema, amma idan ka kasa kunne sai ka rantse ita aka lallasa. Wannan yana cewa mai tsaron gida ya tsufa, wancan yana cewa mai horarwa bai iya canji ba, na ƙarshen benci kuwa ya dage a kan ƙwallo biyar ya kamata a zura. Wani dare muka ji wani matashi ya gaji, ya dubi dattijon da ke kusa da shi ya ce, "To Baba, shin ba mu muka ci ba?" Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yaro, ci kam mun ci, amma ba haka ake ci ba." Aka yi dariya aka watse, mu kuwa maganar ta raka mu har gida. Wane irin hali ne wannan, mutum ya sami abin da ya wuni yana roƙo, ya kuma kwana yana mita? Butulci ne, ko kuwa da wani abu a ƙarƙashinsa?

Bari mu ɗauki misali da ƙungiyar Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Sai Masu Gida. An kafa ta a 1990, lokacin Haɗeja tana cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka yanke Jigawa, don haka da yawanmu tamu muke ɗaukar ta. Ta ci kofin gasar Nijeriya a 2008. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Sannan ta jera kofin gida sau uku, a 2012 da 2013 da 2014. Daga 2003 har zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta doke ta a gidanta a wasannin gasar Nijeriya. To, mai karatu, a cikin waɗannan shekaru na daula ka taɓa jin bakinmu ya huta? Muka ce ba ta iya cin wasa a waje ba. Da ta ci kofi, muka ce ina na Afirka? Da ta jera uku, muka ce ai sauran ƙungiyoyin ne suka lalace.

Kada kuma a ce ciwon namu ne mu kaɗai. A Sifen, Real Madrid ta sallami mai horar da ita Vicente del Bosque a 2003, kwanaki kaɗan bayan ya ci mata kofin ƙasar, ta kuma maimaita haka da Fabio Capello a 2007, ana ƙorafin wasansa ba ya ƙayatarwa. A Amurka, inda suke da wani wasa na sanda da ƙwallo da ake kira besbol, ƙungiyar New York Yankees ta ɗauki babban kofinsu sau 27, fiye da kowa, amma magoya bayanta sun shahara wajen yi wa 'yan wasansu ihu. Ashe dai inda nasara ta fi yawa, a nan mita ta fi ƙarfi.

Amsa mafi sauƙi ita ce a ce ɗan Adam ba ya godiya. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta warware mana komai ba. Mu da muka tashi a bakin kogin Haɗeja muna da wani madubi da ya fi wannan haske, wato manomin fadama.

Je ka Auyo ko Kirikasamma ko Guri cikin watan Agusta, ka sami manomin da shinkafarsa ta yi kore shar, ka ce masa, "Malam, bana kam gona ta yi kyau." Zai ce, "Alhamdu lillahi, sai dai taki ya yi tsada, ga jan-baki, ga ruwa yana ta hauhawa." Shin ƙarya yake yi? Ko kusa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin nan ta sauya. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen da ke cinye shinkafa, ambaliya kuma ta sha share gonaki, kamar yadda muka gani da idonmu a 2020 da 2022, sa'ad da jama'a suka riƙa kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa. Abin lura a nan shi ne, wanda gonarsa ta lalace tun farkon damina ya riga ya fawwala wa Allah, barcinsa yake yi. Wanda tasa ta yi kyau shi ne ke tashi tsakar dare ya je duba tsayin ruwa. Samu ne ke haifar da tsoron rashi.

Haka mai goyon bayan ƙungiya yake. Ranar da aka ci wasa, ranar ya sami abin da zai iya rasawa, sai idonsa ya koma kan duk wata kafa da ruwa zai iya shigowa. Baƙo sakamako kawai yake gani, shi kuwa ya ga ƙwallon da ta daki ƙarfe, ya ga ɗan bayan da ke ɗingishi. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A al'adarmu ma akwai ƙari a kan haka, domin muna tsoron kambun baka. Uwa ba ta yabon ɗanta a bainar jama'a, ɗan kasuwa ba ya cewa ciniki ya yi kyau. Mun saba lulluɓe alheri da ɗan kuka don kada baki ya kama shi, kuma wani ɓangare na mitarmu ranar nasara daga nan ya samo asali, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Sai dai akwai inda manomi ya fi ɗan kallo sa'a. Manomi idan ya tsorata yana da fartanya, yana da buhun ƙasa, yana da gwangwanin korar tsuntsu. Ɗan kallo fa? Ya ba ƙungiya zuciyarsa, amma ba shi da ikon sauya ko da ɗan wasa ɗaya. Ba a shawara da shi wajen saye, ba a tambayarsa wajen sayarwa. Abin da ya rage masa kawai bakinsa ne. Idan ya ce "da wane aka sa", yana shaida wa kansa da jama'a ne cewa shi ma yana da haƙƙi a gidan nan. Shi ya sa idan magoyin bayan wata ƙungiya ya maimaita irin sukar da ya gama yi yanzu-yanzu, sai ka ga ya miƙe zai yi faɗa. Tsakaninsa da tasa gyara kayanka ne, wanda ba ya zama sauke mu raba.

Abu na uku shi ne mudun awo ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kofin 2008 biki ne, na 2014 kuwa ya zama kamar albashi, wanda ba a gode wa zuwansa, sai dai a yi fushi idan ya makara. Abin da ya zo jiya a matsayin kyauta, yau mun mai da shi bashi. A nan ne haɗarin yake, kuma a nan ne muke ganin uzurin da muka kawo wa mai mita ya ƙare.

Domin mita iri biyu ce, ko da yake a kunne ɗaya suke. Akwai ta mai tsoron rashi, wanda ya san darajar abin da ke hannunsa. Akwai kuma ta wanda ya manta cewa ba dole ba ne a ba shi. Na farko yana farawa da hamdala sannan ya ce "sai dai". Na biyu ya yar da hamdalar, "sai dai" ɗin kawai ya riƙe. Kuma mita irin ta biyu ba ta tsayawa a baki. A 2022 an yi hargitsi a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano yayin karawa da Katsina United, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta cire wa Pillars maki. A ƙarshen wannan kakar ƙungiyar ta faɗa ƙaramin rukuni, sai a 2023 ta dawo. A shekarar da ta yi a ƙasa, da yawa daga cikinmu mun yi marmarin irin cin nan na ɗaya mai ban haushi da muke rainawa a da.

Da a ce abin a filin ƙwallo ya tsaya, da ba mu ɓata tawada a kansa ba. Amma halin da mutum ya saba da shi a teburin mai shayi da shi yake shiga gida. Mu da muke koyarwa mun sha ganin yaro ya kai wa mahaifinsa sakamakon jarrabawa da maki tamanin, abin da zai fara ji shi ne, "Ina sauran ashirin ɗin?" Uban yana son ɗansa, ba mu musa ba, tsoro yake kada yaron ya saki jiki. To amma yaron ba ya ganin zuciyar uban, kalmar kawai yake ji. Ƙungiyar ƙwallo ba ta jin abin da ake faɗa a Haɗeja, amma ɗanka yana ji, matarka tana ji, yaron shagonka yana ji. Mun ga ɗalibai masu hazaƙa da suka daina ƙoƙari saboda sun gane cewa ko sun ci ko sun faɗi faɗa ɗaya ne.

Mu ma marubuta kada mu cire kanmu. Sabon marubuci zai kawo labarinsa na farko wurin taro, a wuce duk abin da ya yi daidai, a tsaya kan ƙa'idar rubutu har ya ji kunyar sake ɗaukar biro. Sau nawa muka yi haka muna kiran sa nazari?

Saboda haka ba muna kira a daina ƙorafi ba ne. Al'ummar da ba ta ganin aibin abin da take so ba za ta gyara shi ba, kuma manomin da ya daina duba kogi zai wayi gari cikin ruwa. Abin da muke cewa shi ne kowa ya yi wa mitarsa tambaya biyu. Ta farko, na fara faɗin alherin da na gani kafin in faɗi aibin? Ta biyu, idan abin nan ya faɗi gobe, zan tsaya tare da shi? Wanda ya amsa da i, mitarsa ƙauna ce, ya ci gaba. Wanda ya yi shiru, to ya binciki kansa, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Dattijon nan na teburin mai shayi, mun sake ganinsa a shekarar da Pillars take ƙasa, rediyo manne a kunne yana neman sakamakon wasa. Muka ce, "Baba, har yanzu?" Ya ce, "To in bar wa wa?"

Allah Ya sa mu cikin masu gani su gode, su kuma gyara.