Haƙuri Da Ciwo Daban, Shiru Gaban Likita Daban

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwana maza da mata mazauna Amurka, koke-koken da suka fi iso mini a 'yan watannin nan, in aka cire na aure da na takardun zama, su ne na ƙananan asibitocin gaggawa na unguwa, irin na sha-ka-tafi, waɗanda muke rugawa da dare ko ranar hutu saboda sun fi babban asibiti sauƙin kuɗi da gajeren layi. Labarin kusan ɗaya ne. Mutum ya yi dogon zaman jira, a duba shi cikin 'yan mintoci, mai dubawar idonsa na kan kwamfuta, a ce mura ce ko gajiya, a sallame shi. Bayan kwana biyu sai ga shi a motar asibiti. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda mai ba da labarin yakan rufe shi: "To Malam, ya za a yi? Haƙuri muka yi, haka Allah Ya ƙaddara."

Ƙaddara gaskiya ce, babu imanin wanda ya yi musunta. Amma ina so mu bambanta haƙurin da Allah Ya yaba da shirun da muka gada daga kunya da kara. An rene mu a kan cewa idan aka ce "yaya jiki?" amsa ita ce "da sauƙi", ko da mutum bai runtsa ba kwana uku. A tsakaninmu wannan ladabi ne mai kyau, kowa ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Likitan da bai san mu ba kuwa, abin da ka faɗa shi zai rubuta. Ka ce da sauƙi, ya rubuta cewa ciwo ya lafa, ya buɗe maka ƙofa.

Faɗin zafin ciwo ba ya rage ladan haƙuri. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi kukan ciwon kai a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ma ya ambata mata nasa ciwon kan. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Ubangiji. Bayyana wa mai magani inda ke maka ciwo kuwa, da lokacin da ya fara, da abin da ke tsananta shi, wannan riƙo da sababi ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Har jiƙo da sassaƙen da aka aiko maka daga gida, faɗa masa kana sha.

Akwai ruwaya a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik wadda ta dace da halin da muke ciki. Wani mutum ya ji rauni a zamanin Annabi, jini ya taru a wurin, aka kira mutum biyu daga ƙabilar Banu Anmar su duba shi. Sai Annabi ya tambaye su wane ne ya fi ƙwarewa a cikinsu. Ku lura, bai ɗauki masu magani duk ɗaya ba. Saboda haka wanda aka sallama alhali jikinsa na gaya masa akwai sauran magana, ya nemi wani likitan, bai yi rashin tawakkali ba, bai kuma ci mutuncin na farko ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Su kansu masanan ƙasar nan ba su ɓoye matsalar ba. A shekarar 2015 babbar cibiyar masana harkar lafiya ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ce mafi yawan mutane za su gamu da kuskuren gane cuta aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Mu baƙaƙen fata akwai ƙarin kaya a kanmu. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini ta fi yin kuskure a kan baƙar fata: sai ta nuna lafiya lau alhali iskar ta yi ƙasa. Masu ciwon sikila kuwa sun daɗe suna kukan cewa idan ciwo ya tashi suka nemi maganin zafi, ana yi musu kallon 'yan ƙwaya. Serena Williams, duk da shahararta da dukiyarta, sai da ta nace bayan haihuwarta a 2017 kafin a yi mata hoton da ya gano jini ya daskare a huhunta. To ina ga direban tasi, ko uwar da Turancinta bai nuna ba?

Inda na fi jin tsoro shi ne zazzaɓin cizon sauro. Kowace shekara ana samun mutum kusan 2,000 da shi a Amurka, galibinsu matafiya ne da suka dawo daga Afirka. Mu ne ke nan, masu zuwa hutu Kano da Damagaram da Kumasi. Muna raina shi don mun tashi da shi, alhali garkuwar da jiki ya samu tun yarinta tana raguwa bayan shekaru a nan, 'ya'yanmu da aka haifa a nan kuwa ba su da ita sam. Farkonsa kamar mura yake, ƙaramin asibitin unguwa kuma ba lallai ne ya yi tunaninsa ba, balle ya gwada jini. Wanda ya dawo daga gida zazzaɓi ya kama shi, kafin a tambaye shi ya ce: na dawo daga Afirka ta Yamma ranar kaza, ina so a gwada ni maleriya. Ya kuma maimaita wa kowane ma'aikaci da ya shigo ɗakin. Ku tuna da Thomas Eric Duncan, ɗan Laberiya da ya je wani babban asibiti a Dallas cikin Satumbar 2014 da zazzaɓi. Ya gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa daga Afirka ya zo, amma aka sallame shi da magani. Cutar Ebola ce. Ya rasu ranar 8 ga Oktoba. A babban asibiti ke nan aka yi haka.

Ku san kuma abin da dokar ƙasa ta ba ku, domin haƙƙin da ba a sani ba ba a nemansa. Tun 1986 doka ta wajabta wa sashen agajin gaggawa na manyan asibitoci su duba duk wanda ya zo, su daidaita halinsa, ko da inshora ko babu. Wannan wajibcin bai hau kan mafi yawan ƙananan asibitocin unguwa ba. Don haka ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, mutuwar ɓarin jiki, ko jariri sabon haihuwa da zazzaɓi, ba na sha-ka-tafi ba ne: a kira 911. Asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar maka da tafinta kyauta, ko ta waya ce, kuma ana samun na Hausa. Ku daina sa yaro ɗan shekara goma ya fassara wa mahaifiyarsa ciwon mata; kunya za ta sa ta ɓoye rabi, shi kuma ya ɓata sauran. Kana da ikon karɓar kwafin bayanan da aka rubuta a kanka, ka kai wa likita na gaba.

Wanda aka wulaƙanta fa, ko aka cutar? Musulunci bai ɗauke wa mai magani alhaki ba. Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, Ibnu Rushdi kuma a Bidayatul Mujtahid ya kawo cewa ko ƙwararren likita idan ya yi kuskuren da ya jawo ɓarna akwai diyya. A cikin Suratun Nisa'i Allah Ya yi wa wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa. To kai ƙara ga shugabannin asibitin, ko ga hukumar da ke ba likitoci lasisi a jiharka, halal ne, kuma ina ganin lada a cikinsa idan an yi da niyyar kare na baya. Sharaɗin shi ne adalci: ka faɗi abin da ya faru da ranarsa da lokacinsa, ba ƙari, ba zagi. Ba kowane kuskure ne sakaci ba, akwai cutar da ba ta bayyana a ranar farko, kuma da yawa daga ma'aikatan nan an jibga musu marasa lafiya fiye da ƙima. Hawa Facebook a tsine wa mutum da sunansa tun ba a ji ta bakinsa ba, wannan ba hanyarmu ba ce.

Ku kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu da Allah Ya sa kuka zama likitoci da ma'aikatan jinya a ƙasar nan, muna alfahari da ku, kuma nauyin ya fi yawa a kanku. Ku tuna mutumin da dutse ya fasa wa kai a wata tafiya, ya tambayi abokansa ko zai iya taimama, suka ce sai wanka, ya yi wanka ya rasu. Annabi ya ɗora musu alhakin ransa, don sun yanke hukunci a kan abin da ba su sani ba maimakon su tambaya. Idan abu ya shige muku duhu, ku ce ya shige, ku tura mutum gaba. Ku ɗaga kai daga kwamfuta ku dubi fuskarsa.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su tsara sunayen masu jin Turanci da za su iya raka dattawa da sababbin zuwa asibiti, maza ga maza, mata ga mata, a liƙa lambobinsu a masallaci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na nan da na gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.