Haƙƙin Kare Marar Lafiya a Kan Mai Shi a Fiƙihun Musulunci

Maganar kare a Musulunci ta ƙunshi tambayoyi uku da mutane kan gauraya su: ko ya halatta a ajiye shi, ko jikinsa da yawunsa najasa ne, da abin da ya wajaba a kan mai shi idan karen ya tsufa ko ya kwanta ciwo. Ta ukun ita aka fi sakaci da ita. A ƙasar Hausa mafarauci da makiyayi da mai gona duk suna morar kare, amma da zarar ƙazuwa ta cinye masa gashi, ko ƙarfinsa ya ƙare, sau da yawa sai a kore shi ya koma bin juji. Abin ya fi tsanani da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke tsattsaga fatar da ciwo ya riga ya ci, sanyin dare kuma ya sa shi neman tokar murhu ya kwanta.

Game da ajiye kare, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya riƙe shi ba don farauta ko kiwo ko tsaron shuka ba, ladansa na raguwa kowace rana da ƙiraɗi ɗaya, a wata ruwayar biyu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan buƙatu. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta haka, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki zai ajiye. Ke nan buƙata ita ce ma'auni.

A kan najasa kuwa mazhabobi sun saɓa. Hadisi ya yi umarni da wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Shafi'awa da Hambalawa sun fahimci cewa kare najasa ne mai kauri, shi ya sa suka ce a haɗa da ƙasa a ɗaya daga cikin wankin. Hanafawa sun ce yawunsa ne najasa. Malikawa, waɗanda mazhabarsu ta mamaye Afirka ta Yamma, suna ganin duk abu mai rai tsarkakke ne, har da kare da yawunsa da guminsa, wankin ƙwarya kuma ibada ce da aka bi umarni a kanta. Bisa wannan, Bamalike da ya taɓa kare don ya wanke masa gyambo ko ya cire masa kaska bai karya alwala ba, tufarsa kuma ba ta zama najasa ba. Ko a mazhabar da ta tsananta, najasa abu ne da ruwa ke gusarwa, ba ta kai hujjar barin dabba cikin azaba ba.

Tushen wajabcin kulawa yana cikin hadisai sanannu. Abu Huraira ya ruwaito labarin matafiyin da ya ga kare yana lasar danshin ƙasa saboda ƙishirwa, ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hau, ya shayar da karen, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya tabbatar musu cewa akwai lada a kan kowane mai rai. Haka aka ruwaito game da wata karuwa daga Bani Isra'ila da ta shayar da kare. A ɗaya ɓangaren akwai matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Karnukan farko ba mallakar waɗanda suka shayar da su ba ne, duk da haka an sami gafara ta dalilinsu. Kyanwar kuwa tana hannun matar, shi ya sa sakacin ya zama zunubi. Daga nan malamai suka ciro ƙa'idar cewa duk wanda ya mallaki dabba, ciyar da ita da shayar da ita sun rataya a wuyansa.

Izzuddin bn Abdissalam, malamin Shafi'iyya da ya rasu a Alƙahira a shekarar 1262 Miladiyya, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Daga ciki akwai ci gaba da ciyar da su ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su. Ma'anar wannan ita ce haƙƙin dabba bai dogara da amfaninta ba, domin mai ita bai halicce ta ba, amana aka ba shi. A aikace, amanar ta haɗa da abinci da ruwa, da makwanci mai ɗumi da ke kare iskar hunturu, da maganin ƙazuwa da tsutsar ciki, da kai shi wurin likitan dabbobi gwargwadon hali. Wanda ya gaza sai ya miƙa shi ga mai iya riƙo.

Jinƙai yana da iyaka inda rayuwar mutum take cikin haɗari. Hadisi ya ambaci kare mai cizo cikin dabbobi biyar da aka halatta kashewa ko a cikin Harami. Ciwon haukan kare shi ne misali mafi bayyana: ana ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Saboda haka yi wa kare allurar rigakafi haƙƙi ne nasa da na maƙwabta gaba ɗaya. Wanda aka ciza kuma ya wanke raunin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti.

Saura dabbar da aka fid da rai da warkewarta, tana ta shan wahala. Malikawa sun halatta a hutar da irin wannan dabba ko da ba a cin namanta, Shafi'awa kuwa sun hana. Waɗanda suka halatta sun gina hukuncin a kan yanke ƙauna ta gaskiya, gajiyar mai ita ko ƙyashin kuɗin magani ba sa shiga ciki. Sannan umarnin kyautatawa wajen kisa, wanda Muslim ya ruwaito daga Shaddad bn Aus, yana nan daram: a bi hanya mafi sauri da sauƙi, ba jifa ba, ba duka ba, ba barin ta da yunwa ba.